Sammako Ko Kwana a Bakin Tasha? Shawara Daga Hanyar Mafara, Bakura da Maradun

Akwai wata gardama da takan tashi a gidaje da yawa sa'ad da tafiya mai nisa ta taso. Takarda ta zo, ta ce jirgin sama zai tashi daga Sakkwato ran Alhamis da ƙarfe 12 na rana. Maigida ya ce ai Sakkwato ba nisa, in aka yi sammako ran Alhamis ɗin za a isa har da sauran lokaci. Uwargida kuwa ta ce a'a, a tafi tun ran Laraba a kwana can. Shi yana lissafin kuɗin masauki da aikin gona da za a bari. Ita tana tunanin abin da zai faru in mota ta lalace a dokar daji. Kowannensu yana da tasa gaskiya, amma tilas a bi shawarar ɗaya.

A wannan wata muna so mu kai masu karatu yammacin ƙasar Zamfara, wato Talata Mafara da Bakura da Maradun, mu dubi wannan gardama daga can. Mun zaɓi waɗannan garuruwa ne domin mutanensu sun daɗe suna tafiya su tari abin da ba ya jira: ayarin fatake, da jirgin ƙasa, da jirgin ruwa, yanzu kuma jirgin sama. Ba ko ɗaya daga cikin waɗannan da yake tashi a ƙofar gidansu. Saboda haka sun koyi wani lissafi wanda zai amfani kowane gida.

Garuruwa uku a bakin gulbi ɗaya

Wanda ya tashi daga Gusau ya nufi Sakkwato zai wuce Bunguɗu, ya wuce Maru, ya kai mararrabar Mayanci, sa'an nan ya shiga Talata Mafara. Tsakanin Gusau da Sakkwato ya ɗara kilomita 200, Mafara kuwa tana wajen tsakiya, ta ɗan fi kusa da Gusau. Gaba da Mafara akwai Lambar Bakura, inda hanya take ratsewa ta hannun dama zuwa garin Bakura. In ka miƙe sai Tureta, sai Dange da Shuni, sai birnin Shehu. Maradun tana gabas da Mafara, a gefe, babban titi bai bi ta cikinta ba. Mai karatu ya riƙe wannan a zuciyarsa, gama shi ne tushen maganarmu: Mafara tana kan titi, Bakura da Maradun kuwa sai an fito daga cikinsu tukuna a tarar da titi.

Garuruwan nan ba ƙanana ba ne a tarihin jihar. An yanke Zamfara daga Jihar Sakkwato ran 1 ga Oktoba 1996, kuma kowannensu ya ba ta gwamna: Ahmad Sani Yarima daga Bakura (1999 zuwa 2007), Abdul'aziz Yari daga Mafara (2011 zuwa 2019), Bello Matawalle daga Maradun (2019 zuwa 2023). Masu son kiɗan fada sun san Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, dukansu 'yan wannan yanki ne. A Mafara akwai makarantar fasaha ta Abdu Gusau, inda ɗalibai suke zuwa daga nesa.

Abin da ya ɗaure garuruwan uku wuri ɗaya shi ne Gulbin Sakkwato da madatsar ruwa ta Bakalori. An fara gininta a 1974, aka gama a 1978, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. Tsawon bangon ya kai kilomita 5 da rabi, tafkin da ya taru a bayansa ya rufe wajen hekta 8,000, aka kuma shirya wajen hekta 23,000 domin noman rani. Ruwan ya ci gonaki da gidajen dubban iyalai, musamman ta wajen Maradun, rigimar diyya kuma ta kai ga zubar da jinin manoma a Birnin Tudu cikin Afrilu 1980. Tsofaffi ba su manta ba. Duk da haka, wanda ya ratsa ƙasar da rani zai ga kore shar a inda ya zaci ƙura: shinkafa, da masara, da tumatir, da albasa, da dankali. Wannan noman rani yana da wuri a cikin gardamarmu, domin manomin da ranar ban-ruwansa ta zo ba ya son ya bar gida ko na yini ɗaya ba dalili.

Darasin kasuwar Talata

Sunan garin ma daga ranar kasuwarsa ya samo asali. Mai son ya fahimci kasuwar Mafara, kada ya jira Talata, ya zo tun ran Litinin da la'asar. Zai ga manyan motoci suna saukewa, 'yan dako suna kai da kawowa da buhuna, masu dabbobi suna neman inda za su ɗaure, mai shayi da mai tsire suna hura wuta domin baƙin da za su kwana. Waɗannan su ne mutanen nesa. Da safiyar Talata kuma sai na kusa su ɓullo, a kan babura da jakuna da amalanke, waɗansu a ƙasa da kaya a ka.

Ba wanda ya rubuta musu doka, amma kowa ya san ajinsa. Matar da ta kawo daddawa daga ƙauyen da ke bayan gari, in ta makara, ba ta yi hasara mai yawa ba, za ta sayar da abin da ya samu ta koma. Amma falken da ya zo daga Funtuwa ko Kano da kuɗin mutane a jikinsa domin ya sayi shanu, in ya iso bayan dillalai sun gama cinikin safe, sai ya tarar an tsince na kirki. Ko dai ya sayi saura, ko ya jira mako guda. Shi ya sa yake kwana. Hausawa suna cewa, in kana sammako, wani a tafe ya kwana. A kasuwar Mafara za ka ga karin maganar nan da idonka.

Haka kakanninmu fatake suke yi tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja. Ba a tarar da ayari ran tashi. Akan taru a zango a bayan gari tun da sauran kwanaki, a ɗaure kaya, a duba jakuna, a ji umarnin madugu. Ran da aka tashi, wanda bai iso ba an bar shi, kuma ba mai hankalin da zai bi sawun ayari shi kaɗai a daji. Daga nan ne sana'ar fatoma ta samu, wato maigidan da yake saukar da baƙin kasuwa, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da masu ciniki. Kwana kafin ranar tafiya tsohuwar al'adarmu ce, har ta haifi sana'a.

Zamanin jirgin ƙasa da jirgin ruwa

A 1929 layin dogo ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda. Bai zo Mafara ba, bai kuwa je Sakkwato ba. Saboda haka shekaru da yawa mutumin Bakura ko Maradun da yake son jirgi sai ya nemi lori zuwa Gusau. Lorin nan na kaya ne, gyaɗa ko auduga ko fatu, fasinja a kan buhuna yake zama, kuma ba ya tashi sai ya cika. Jirgin ƙasa kuwa yana da ranarsa da sa'arsa. Masu tafiya suka gane ba a haɗa abin da ba shi da agogo da abin da yake da agogo a rana ɗaya. Sai su iso Gusau tun jiya, su shimfiɗa tabarma a tasha ko a gidan ɗan'uwa a Sabon Gari, gari ya waye suna bakin dogo.

Waɗanda tafiyarsu ta ƙetare teku ce, lissafinsu ya fi haka tsanani. Ɗalibai da ma'aikatan da aka aika Ingila a shekarun 1950 da 1960, da yawansu jirgin ruwa suka shiga a Apapa ta Ikko. Kamfanin Elder Dempster yana da jiragen fasinja da wasiƙu uku a lokacin, Accra da Apapa da Aureol, suna tashi sau ɗaya a mako biyu, tafiyar kuma zuwa Libaful takan ci wajen mako biyu. Aureol ta fara aiki a 1951, ta yi tafiyarta ta ƙarshe tsakanin Ikko da Ingila a 1974. Ka duba ɗan Mafara da aka ba gurbin karatu: lori zuwa Gusau, jirgin ƙasa zuwa Zariya, wani jirgin kuma zuwa Ikko, tafiyar da daga Kano takan kai mil 700. In ruwan sama ya wanke dogo a wani wuri, ya iso Apapa ya hangi hayaƙin jirgi a teku, to, sai ya zauna mako biyu a garin da bai san kowa ba, makaranta kuwa ta buɗe ba shi. Saboda haka ba mai lissafa isa Ikko ran tashin jirgi.

Maƙwabtanmu da suka tafi aikin hajji ta ƙasa sun fi kowa sanin wannan. Sukan bi ta Barno da Cadi da Darfur har bakin Bahar Maliya, su jira jirgin ruwa a Sawakin. Wanda ya makara a can, shekara guda ya rasa, gama kwanakin hajji ba sa matsawa domin kowa. Har wa yau akan kira maniyyata sansanin alhazai kafin jirginsu, kamar yadda akan tara masu ziyara zuwa Isra'ila wuri ɗaya kafin tashi. Hukumomin nan sun san halin hanya, shi ya sa ba sa yarda kowa ya zo daga gidansa ran tafiya.

Manyan jiragen yawon teku

Kada mai karatu ya zaci mu kaɗai ne muke wannan gardama. A Amurka da Turai akwai manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, masu kama da gari guda a kan teku. Sukan tashi daga tashoshi irin su Miami da Basalona, su zaga tsibirai da garuruwan gaɓa na mako ɗaya ko biyu, su komo. Ɗaya daga cikinsu, Icon of the Seas, da ya fara aiki daga Miami a Janairu 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600. Yawancin mutanen nan ba a bakin teku suke zaune ba, sai sun hau jirgin sama zuwa garin da tashar take. To, su ma sai maigida da uwargida su zauna: mu sauka ran tashin jirgin ruwan, ko mu je tun jiya mu biya masauki?

Waɗanda suka saba da tafiyar suna ba da shawara iri ɗaya da ta falken Mafara. Jirgin ruwa ba ya tsaya wa mutum biyu alhali dubbai suna ciki, an kuma riga an tsara sa'ar da zai bar wurin tsayawarsa da sa'ar da ake jiransa a tasha ta gaba. Akan rufe ƙofar shiga tun kafin lokacin tashi. Wanda jirgin samansa ya yi jinkiri ya iso a makare, in shi ya sayi tikitinsa da kansa, to, da kuɗinsa zai bi jirgin zuwa tasha ta gaba, in ma an yarda ya shiga a can. Ga mai fasfon Nijeriya abin ya fi wuya, domin tasha ta gaba tana iya zama a wata ƙasa dabam wadda ba shi da bizar shiga. Akwai kuma maganar akwati. In kamfanin jirgin sama ya bar akwatinka a baya, sau da yawa washegari yake isowa. Wanda ya zo tun jiya, akwatinsa zai tarar da shi a masauki. Wanda ya zo ran tafiya, da rigar jikinsa zai shiga teku.

Mu ƙidaya gaɓoɓin tafiya

Bari mu komo gida mu yi lissafin jirgin ran Alhamis. Kuskuren da akan yi shi ne a auna tafiya da kilomita. Gara a auna ta da gaɓoɓi, wato sau nawa za ka sauka daga wani abin hawa ka jira wani. Kowace gaɓa wuri ne da tafiya take iya tsinkewa.

Mutumin ƙauyen Maradun zai hau babur zuwa gari, gaɓa ɗaya. Ya jira mota zuwa Mafara, gaɓa biyu. A tashar Mafara ya jira motar Sakkwato ta cika, gaɓa uku. Duk wanda ya taɓa zama a tasha ya san kiran nan na 'yan kamasho, “Saura mutum ɗaya!”, ya kuma san mutum ɗayan nan yakan ci sa'a guda bai zo ba. In an isa Sakkwato sai a nemi tasi ko keke zuwa filin jirgin Sultan Abubakar III, wanda yake bayan gari ta kudu, gaɓa huɗu. Jirgin ƙarfe 12 yana son ka a filin tun wajen ƙarfe 10, gama akan rufe teburin awon kaya kafin lokacin tashi. Daga Mafara zuwa Sakkwato ka ba mota sa'a biyu in ba ta tsaya ba. Ashe ke nan tilas motar ta bar Mafara kafin ƙarfe 8. Ina lokacin facin taya? Ina na layin mai, da shingayen jami'an tsaro, da wurin da ake gyaran titi? Babu. Lissafin yana fita ne kawai in kowane abu ya tafi daidai, hanya kuwa ba ta yi wa kowa wannan alkawari ba.

A dā maganin wannan shi ne a tashi tun da asuba, ko ma da tsakar dare. Yanzu wannan ƙofa ta rufe. Masu karatu sun san wahalar da 'yan bindiga suka jawo wa ƙasar Zamfara. A shekara ta 2021 kaɗai an taɓa ƙananan hukumomin nan uku: ran 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Mafara, cikin Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, ran 1 ga Satumba kuma aka ɗauki ɗalibai fiye da 70 a Kaya ta ƙasar Maradun. A watan Satumban nan gwamnati ta rufe kasuwannin mako, aka kuma yanke layukan waya na makonni da yawa. Dare rigar mugu ne. Direba mai hankali ba ya shiga daji sai rana ta fito sosai, yana kuma so ya sauka kafin ta faɗi. Wato yinin matafiyi ya gajarta ta kai da ta ƙafa. Wanda ya matsa wa direba a tashi cikin duhu domin kada jirgi ya tsere, ya sa ransa da na sauran fasinja a ma'auni ɗaya da kuɗin tikiti. Wanda kuma ya zauna a gaban mota yana duban agogo yana cewa a ƙara wuta, ya manta sauri ya haifi nawa, wani lokaci ma ya haifi abin da ya fi nawa muni.

Sai kuma yanayi. Daga Yuli zuwa Satumba, musamman a Agusta, ruwan dare ɗaya yana iya cika rafi ya raba ƙauye da titi har tsakar rana. Da hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska takan kwaso ƙura daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi ta rufe sararin Arewa. In hazo ya yi kauri matuƙin jirgi ba ya ganin filin sauka, sai a jinkirta jiragen Sakkwato da Kano, ko a soke su ɗungum. A nan ne masu tafiya ƙasar waje suke faɗawa rami. Mutum ya sayi tikitin safe daga Sakkwato zuwa Abuja, tafiyar wajen sa'a guda, domin ya tari babban jirgin da zai tashi da dare. Hazo ya sauka, ƙaramin jirgi bai zo ba, babban jirgi kuwa ya tashi a kan lokacinsa. In tikitin biyu dabam dabam aka saye su, kamfani na biyu ba ruwansa da laifin na fari.

A lura da rashin daidaiton da ke cikin abin. Jirgi yana iya sa ka jira sa'a shida, ka haƙura. Kai kuwa in ka makara da minti goma, an rufe ƙofa.

Ita ma tafiya da wuri tana da kuɗinta

Ba za mu yi wa maigida rashin adalci ba. Kwana a wani gari ba kyauta ba ne. Akwai kuɗin ɗaki da na abinci. Akwai yinin aiki da ya tafi: malamin makaranta ya bar aji, mai shago ya rufe, manomin Bakalori ya bar ban-ruwa a hannun yaro, mai tumatir kuwa ya san kayansa ba sa jiran gobe. Akwai 'ya'ya da za a bari ƙarin dare ɗaya. In gidan dangi za a sauka, akwai nauyin da za a ɗora musu a wannan zamani na tsadar abinci. Kuma ba kowace tafiya ce ta cancanci wannan duka ba. Mai zuwa Gusau sayayya, ko mai neman motar Kano wadda in ɗaya ta tashi wata tana lodi, ba shi da dalilin kwana a tasha. Ya yi sammakonsa, in ya rasa ta fari ya shiga ta biyu.

Saboda haka muna ba da shawara iyali su zauna su amsa tambayoyi uku. Ta fari: in abin nan ya tashi ya bar mu, yaushe na gaba zai zo? In amsar ita ce bayan sa'a ɗaya, a yi sammako. In amsar ita ce gobe, ko mako mai zuwa, ko baɗi, kamar jarrabawar shiga jami'a, da ranar ganin likitan fiɗa a asibitin koyarwa na Sakkwato, da ganawar neman aiki ko biza, to, a kwana can. Ta biyu: gaɓa nawa ce tsakanin ƙofar gidanmu da wurin? In ta wuce biyu, kada a amince da safiya ɗaya. Ta uku: me za mu rasa in muka makara, me kuma za mu kashe in muka je da wuri? A rubuta su biyu a takarda. Sau da yawa za a ga kuɗin kwana ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ake sa wa a haɗari ba.

Ƙa'idar a taƙaice ita ce, ka kwana a garin da abin da ba ya jira zai tashi. In jirgin Sakkwato ne, kwana a Sakkwato. In babban jirgin yana Abuja ko Kano ko Ikko, can ne wurin kwana, Sakkwato zango ne kawai. In da hazo ne kuma tafiyar ta ƙetare ce, a ba da kwana biyu. Fiye da haka ba lalle ba ne, sai ya zama ɓarnar guzuri.

In an yanke shawarar tafiya tun jiya

A bar gida da hantsi, a isa da rana tsaka, kada ranar da aka ƙara ta zama dalilin yin nawa har la'asar. In gidan 'yan'uwa za a sauka, a aika musu tun da sauran kwanaki, a faɗi mutum nawa ne da sa'ar da za a tashi. Kada a je hannu sake. Ɗan mudun shinkafar Bakalori ko ƙullin albasa yakan sa uwargidan masauki ta ji an san wahalarta. Baƙo raɓa ne, ya sauƙaƙa wa masu gida.

Fasfo da tikiti da katin shaida su zauna a jiki, kada a sa su cikin akwatin da za a ɗaure a bayan mota. Maganin da ake sha kullum da tufafi na sauyi ɗaya su shiga ƙaramar jakar hannu. A rubuta lambobin waya da kwatancin masauki a takarda, gama mutanen Zamfara sun gani a 2021 waya tana iya yin shiru. A riƙe ɗan tsabar kuɗi a wuri biyu, domin wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san katin banki ba kullum yake ceto ba. Da isa, a yi magana da mai tasi ko mai keken da zai zo da safe, a kuma tambayi kamfanin jirgi ko an sauya lokaci.

Sauran yinin kuwa riba ce. A Sakkwato ana iya kai yara su ga fadar Sarkin Musulmi daga waje, a leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu, a shiga kasuwa a ga aikin dukawa, gama jar fatar akuyar Sakkwato ta yi suna har Turai. Tsoho ko mai ciki ko mai jinya da aka kawo zai sami barci, ya shiga jirgi ko ɗakin likita da ƙarfinsa. Ɗalibi zai je ya ga ɗakin jarrabawarsa da ido tun yau, gobe ba zai yi ta tambayar hanya ba.

Muna roƙon iyaye su koya wa 'ya'yansu wannan lissafi tun suna gida, domin su ne za su yi tafiye-tafiyen da suka fi namu nisa. In ranar tafiya ta matso aka fara gardamar Laraba da Alhamis, a ɗauko takarda a ƙidaya gaɓoɓin, a tambayi yaushe na gaba zai zo. In lissafi ya nuna a kwana can, maigida ya nemi wanda zai riƙe masa ban-ruwa, uwargida ta ɗaura guzuri, a kama hanya rana tana sama. Da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa lafiya, ya komo da shi lafiya.